Dubai zuwa Gwanzu a jirgi: kilomita nawa ne, awa nawa ake yi, da sauran tambayoyin matafiya

Waɗannan tambayoyin su ne ke ta dawowa daga 'yan uwa masu shirin zuwa Chaina sarin kaya ta hanyar Dubai, musamman waɗanda wannan ce fitarsu ta farko. Na tattara su wuri ɗaya ne kowa ya ɗauki wadda ta shafe shi. Gwanzu dai shi ne garin da za ka ga an rubuta Guangzhou a tikitinka.

Tsakanin Dubai da Gwanzu kilomita nawa ne?

Idan aka ja layi miƙaƙƙe daga babban filin jirgin Dubai zuwa filin jirgin Baiyun na Gwanzu, kusan kilomita 5,830 ne, wato mil 3,620 da ɗan wani abu. Wanda ya taɓa tashi daga Kano zuwa Jidda ya yi kusan kilomita 3,400, toh ka ɗora wasu 2,400 a kai, shi ne wannan tafiyar.

Amma fa wannan lissafin takarda ne, jirgi ba ya bin layi miƙaƙƙe ɗin nan sak, akwai hanyoyin da aka tsara a sama kuma kowace ƙasa tana da ƙofar shiga da ta fita a sararinta, don haka abin da jirgin zai ci a zahiri yakan haura haka, ya kai 6,000 ko ya wuce.

Awa nawa ake yi a sama?

Zuwa, wato daga Dubai ka nufi Gwanzu, awa 7 ne zuwa 7 da rabi. Dawowa kuma awa 8 zuwa 8 da rabi, lokacin sanyi ma yana iya ɗan gota haka. Wannan ga jirgin da ba ya tsayawa ko'ina kenan.

Manyan jiragen nan suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa idan sun daidaita a sama, in ka raba za ka ga kamar awa 6 da rabi ya kamata a yi, sauran lokacin yana tafiya ne wajen hawa da sauka da layin jiran tashi da kewaye-kewayen hanya. Kuma abin da kamfani ke rubutawa a tikiti daga lokacin da jirgi ya bar inda yake ajiye ne zuwa lokacin da ya tsaya cak a ɗaya ɓangaren, shi yasa za ka ji direban jirgi ya sanar da awa 6 da minti 50 alhali tikiti ya ce 7 da rabi, duk gaskiya suka faɗa.

Ni tikitina ya nuna tashi 10 na safe, sauka 9:30 na dare, ai awa 11 da rabi kenan, ya kuke cewa 7?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, kuma in akwai abu ɗaya da nake so kowa ya riƙe a duk wannan bayanin toh wannan ne. Kowane lokaci da ka gani a tikiti agogon garin da abin zai faru ne. Lokacin tashi agogon Dubai, lokacin sauka agogon Chaina, kuma Chaina tana gaban Dubai da awa 4. Don haka ba a ɗebe wannan daga wancan kai tsaye.

Mu yi lissafin. Ka tashi 10:00 na safe a Dubai, kun yi awa 7 da rabi, agogon hannunka in ba ka taɓa shi ba zai nuna 5:30 na yamma, ka ƙara awa 4, shi ne 9:30 na dare a Gwanzu. A gida kuwa, Kano ko Maraɗi ko Garwa, lokacin 2:30 na rana ne, saboda Dubai tana gabanmu da awa 3, Chaina kuma da awa 7. Mutanen Kumasi da Akara su ƙara ɗaya, nasu 8 ne.

A dawowa abin juyawa yake. Ka tashi Gwanzu 12:30 na dare, tikiti ya ce za ka sauka Dubai 4:30 na asuba, sai ka ga kamar awa 4 ce kacal ka fara murna, ina! Awa 8 za ka sha a kujera, agogo ne kawai ya koma baya.

Abu mai sauƙi a nan shi ne Chaina duk girmanta agogo ɗaya take amfani da shi, na Beijing, kuma daga ita har Dubai babu mai canza agogo lokacin zafi ko sanyi irin yadda Ingila ke yi, don haka 4 ɗin nan 4 ce duk shekara.

Jirgina na dawowa an rubuta 00:15 ranar Talata, yaushe zan je eyafot?

Daren Litinin, Alhaji. Daren Litinin wajen ƙarfe 9 ka kasance a can. 00:15 na Talata yana nufin minti 15 bayan shabiyun daren Litinin, in ka bari sai Talata da daddare ka ɗauko jaka toh jirginka ya kwana ya wuni a Dubai. Jiragen da ke fita Gwanzu zuwa ƙasashen Larabawa da Afirka da yawansu tsakar dare suke tashi, shi yasa wannan kuskuren ke cin mutane, kuma ba ƙaramar asara ba ce don canza tikiti bayan jirgi ya tafi ya bar ka kuɗi ne sosai.

Me yasa dawowa ta fi zuwa daɗewa alhali hanya ɗaya ce?

Iska ce. A can sama inda jirage ke tafiya, kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, kuma wannan hanyar ta Dubai da arewacin Indiya da kudancin Chaina tana daidai inda take ratsawa. Lokacin sanyi, Disamba zuwa Fabrairu, takan wuce gudun kilomita 200 a awa. Mai zuwa Chaina tana tura shi ta baya, mai dawowa kuma da ita yake karo, kamar mai keke ne da iskar hunturu, in tana bayanka ko feda ba ka cika yi ba, in ka juyo kuwa sai ka yi gumi. Jirgin gudunsa ɗaya a cikin iskar, amma gudunsa a kan ƙasa ya bambanta, a zuwa allon kujera zai iya nuna maka 1,000 ko fiye, a dawowa ka ga 750.

Lokacin zafi iskar takan yi rauni ta matsa arewa, sai tazarar zuwa da dawowa ta ragu.

Wasu na cewa wai duniya ce ke juyawa a ƙarƙashin jirgin shi yasa. In da haka ne ai mai zuwa yamma ne zai fi saurin isa tunda duniya gabas take juyawa, sai Dubai ta taho ta tarye shi, amma kaga akasin haka ke faruwa. Jirgi da iskar da yake ciki duk tare da duniyar suke juyawa.

Ta kan waɗanne ƙasashe ake bi?

Yawanci daga Dubai sai a ratsa ta wajen Oman da tekunta, a bi ta kudancin Pakistan ko gefenta ta kan ruwa, a shiga Indiya a keta ta a kwance wanda shi ne mafi tsawon ɓangaren tafiyar, sai Bangaladash, sai Myanmar, sannan a shiga Chaina ta lardin Yunnan, a wuce Guangxi a gangara Gwanzu. Yana ɗan canzawa daga rana zuwa rana gwargwadon iska da hadari.

Abin da za ka lura a taswirar allon kujera shi ne jirgin yana bin kudancin duwatsun Himalaya, ba ya hawa kan Tibet. Dalili, tudun Tibet tsayinsa ya haura mita 4,000 a yawancin wurare, kuma ƙa'ida ita ce in iskar cikin jirgi ta samu matsala dole direba ya sauko da sauri zuwa wajen mita 3,000 inda mutum zai iya numfashi, toh ina za ka sauko a inda ƙasar kanta ta fi haka tsayi, ga filayen saukar gaggawa ba su da yawa a can.

Sai kuma siyasa. A 2019 Pakistan ta rufe sararin samaniyarta bayan rikicinta da Indiya a watan Fabrairu, ba ta buɗe gaba ɗaya ba sai Yuli, jirage da yawa suka koma zagaye. Irin wannan in ya taso ko a yankin tekun Fasha, lokacin tafiya yana ƙaruwa ba tare da kowa ya tambaye ka ba.

Wane kamfani ne ke zuwa kai tsaye?

Emirates daga ɓangaren Dubai, China Southern daga ɓangaren Chaina, Gwanzu ma ita ce babbar cibiyarsu. Emirates tashar 3 suke amfani da ita a Dubai kuma manyan jirage suke sawa, Boeing 777 ko A380 mai bene. Ranakun tashi da lokuta suna canzawa, wannan sai ka duba da ejan ɗinka.

In na samu mai araha amma yana tsayawa a hanya fa?

Toh ka duba awa nawa zai ajiye ka, ba kuɗin kaɗai ba. Akwai masu bi ta Kolombo, ta Bankok, ta Kwala Lamfur, akwai ma masu mayar da kai baya zuwa Doha sannan a juyo, Doha zuwa Gwanzu ita kanta kusan kilomita 6,200 ce. Tafiyar awa 7 sai ta koma 12, 15, wani lokaci har 20. A ganina in bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba gara ka biya na kai tsaye, ranar kasuwa ɗaya da za ka rasa da kuɗin abincin eyafot sun cinye rarar. In kuma tikiti biyu ne daban-daban aka haɗa maka, wannan ka yi hattara sosai, don in na farko ya makara na biyu babu ruwansa, kuma wataƙila sai ka fita ka karɓi jakarka ka sake shiga, wanda ke buƙatar bizar ƙasar da fasfo ɗinmu ba lallai ya samu ba.

Daga gida gaba ɗaya tafiyar awa nawa ce? Dole sai ta Dubai?

Ba dole ba. Legas zuwa Dubai wajen awa 8 ne a sama, Emirates sun dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen 2022 suka dawo Legas a Oktoba 2024. Ka haɗa 8 da 7 da rabi da zaman tiransit, da wuya ka yi ƙasa da awa 20, ban da tahowarka daga Arewa zuwa Legas. Shi yasa mutanen Kano da yawa suka fi bin Ethiopian ta Addis Ababa, ko Qatar ta Doha, ko EgyptAir ta Alƙahira. Addis zuwa Gwanzu kusan kilomita 8,000 ne, awa 10 da wani abu. Wanda ke bi ta Dubai galibi yana da wata harkar ce a can, zai leƙa unguwar kasuwanni ta Deira ya ga gwal ko waya ko turare kafin ya wuce, in haka ne kuma sai da bizar Dubai, zaman tiransit a cikin eyafot ne kawai ba ya buƙatarta.

Awa nawa ya kamata in bari na tiransit a Dubai?

Ni dai ba na ba kowa shawarar ƙasa da awa 2, 3 ta fi kwanciyar hankali. Filin jirgin Dubai ba ƙarami ba ne, a 2024 fasinja sama da miliyan 92 suka bi ta cikinsa, kuma tun 2014 shi ne kan gaba a duniya wajen fasinjan ƙasa da ƙasa. Daga inda ka sauka zuwa ƙofar da za ka shiga na gaba za ka iya yin tafiyar minti 20 ko 30, wani wurin sai da ƙaramin jirgin ƙasa na ciki ko bas, ga sake binciken jakar hannu, ga alwala da salla. Dattijo ko mai ciwon ƙafa ya nemi a rubuta masa keken guragu tun wajen yankan tikiti, ba abin kunya ba ne.

Ka kuma duba harufan nan uku na tikiti. DXB shi ne babban filin cikin gari, DWC shi ne Al Maktoum can wajen Jabal Ali, SHJ kuma Sharja ce, masarauta daban. Na Gwanzu CAN ne.

Salla fa? Ya ake yi da lokaci?

Mai tafiya gabas ranarsa gajeruwa take. In kun tashi 10 na safe, azahar da la'asar da magariba duk a sama za su same ka kuma kusa da kusa suke zuwa, rana za ta faɗi agogonka na Dubai bai wuce 3:30 ba ko kusa da haka. Don haka ba agogo za ka bi ba, taga za ka duba. Mai azumi ma haka, faɗuwar rana a inda jirgin yake ita ce abin lura, a zuwa ya samu ragi, in kuma ya dawo da jirgin rana sai ya ga yamma ta ƙi ƙarewa. Alƙibla a zuwa tana bayan jirgi, a dawowa tana gaba. Hukuncin kasaru da haɗa salloli da salla a zaune ka tambayi malaminka kafin ka tashi. Ka yi alwala tun a ƙasa, Dubai akwai masallatai a cikin eyafot ko'ina, banɗakin jirgi kuwa matsattse ne.

Abinci a Emirates duk halal ne. A kamfanonin Chaina sai ka sa ejan ya nema maka abincin Musulmi tun da wuri, ba ranar tafiya ba.

In na sauka Baiyun, zuwa cikin gari minti nawa?

Filin yana arewacin gari, kusan kilomita 28 daga tsakiya, a 2004 aka buɗe shi. Kafin ka fito ka ware awa 1 zuwa 1 da rabi na imigireshan da ɗaukar hoton yatsu da jiran jaka da kwastan. Daga nan mota zuwa unguwar Xiaobei ko Sanyuanli inda 'yan Afirka suka fi sauka minti 40 ne zuwa awa ɗaya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 3 yana zuwa har eyafot kuma shi ya fi araha, sai dai ba ya kwana yana aiki, wanda ya sauka 10 na dare ya daɗe a layi zai iya tarar da an rufe.

Ka sa a turo maka adireshin otal da rubutun Chaina ka ajiye hotonsa a waya tun kana Dubai, don da ka sauka WhatsApp da Facebook da Google ba sa aiki a layin ƙasar, WeChat ake yi. Mutum ya yi kilomita 5,830 lafiya lau ya zo ya maƙale a bakin ƙofa saboda adireshi na cikin WhatsApp, abin haushi ne.

Xiaobei akwai gidajen abincin Musulmi da yawa, kuma garin yana da tsohon masallacin Huaisheng wanda ke cikin mafi daɗewa a Chaina.

Wane lokaci ne jirgi ya fi makara?

A ɓangaren Gwanzu damina ce matsalar, daga Afrilu zuwa Satumba ana ruwa da tsawa sosai, sannan guguwar teku takan taso daga wajen Yuni zuwa Oktoba, in ta doso sai a soke jirage ko a karkatar da su. A ɓangaren Dubai hazon asuba ne lokacin sanyi. Sai abin da ba a saba ba, kamar ruwan 16 ga Afrilu 2024 da ya cika filin jirgin Dubai aka yi kwanaki ana fama.

Yaushe tikiti ya fi tsada?

Lokacin baje kolin Kanton, wanda ake yi tun 1957 sau biyu a shekara, tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu da tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, a Gwanzu, yanzu a unguwar Pazhou. Jirgi cika yake otal ma ya yi tsada. Sai sabuwar shekarar Chaina a Janairu ko Fabrairu, wannan kam ko an ba ka tikiti kyauta kar ka je sari, masana'antu da shaguna rufewa suke na makonni ma'aikata duk sun tafi garuruwansu. Makon farko na Oktoba ma hutu ne.

Ni Yiwu ko Shenzhen zan je, Gwanzu zan sauka?

Shenzhen kusa ce, jirgin ƙasa mai sauri daga tashar kudu ta Gwanzu wajen rabin awa ne, Foshan ta masu tayil da kujeru ma manne take da Gwanzu. Yiwu ce ke da nisa, sai ka sake hawa jirgin cikin gida na kusan awa 2, don haka wasu sun fi sauka Shanghai ko Hangzhou. Hong Kong nisanta daga Dubai kusan ɗaya ne da na Gwanzu, amma bizarta daban ce da ta Chaina, kar wani ya ruɗe ka da arahar tikiti.

Kilo nawa ake ba mutum, kuma fawa bank fa?

Tikitin da ya faro daga Afirka yawanci jaka 2 ce kowace kilo 23, amma wanda aka yanka Dubai zuwa Gwanzu kaɗai lissafinsa daban ne, abin da ke rubuce a naka shi ne hujja. Kayan sari kam kago ake ba wa ko kwantena, kuɗin ƙarin kilo a wajen auna kaya na eyafot ba na wasa ba ne. Fawa bank da batiran waya ba sa shiga jakar da za a auna, a hannu ake riƙe su, kuma filayen jirgin Chaina suna da tsanani a kan wannan, wanda babu rubutun ƙarfinsa a jiki karɓewa suke.

Jiki fa, ana jin bambancin lokacin?

Ana ji, musamman a zuwa. Wanda ya taso daga gida awa 7 aka gutsure masa, ƙarfe 11 na dare a Gwanzu jikinsa 4 na yamma yake gani, barci ya ƙi zuwa, da safe kuma lokacin buɗe kasuwa shi ne tsakar darensa. Kwana 2 ko 3 ya daidaita. Kar ka sa ganawa da mai masana'anta ko biyan kuɗi mai yawa a safiyar farko, ka bari sai bayan azahar. A cikin jirgin kuma ka sha ruwa sosai ka riƙa tashi kana ɗan takawa duk bayan awa 2, mai hawan jini ko ciwon suga ya sa maganinsa a jakar hannu ba a wadda aka auna ba.